Na Bi Fatata Har Italiya

Mun tashi daga Ƙofar Kwaya a Katsina ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da abokina mai fataucin riɗi da ƙaro, da wani dattijo da ya yi ritaya daga ma'aikatar ciniki, wanda muka roƙa ya raka mu saboda Turanci ya zauna a bakinsa. Ni sana'ata fata, ita na gada. Fiye da shekara ashirin ina sayen fatar akuya da ta tumaki a hannun mahauta da kasuwannin ƙauye, a zuba mata gishiri a sitona, in kai Kano a yi mata rabin jima, daga nan dillalai su karɓe. Inda take zuwa bayan nan, sunan kawai nake ji: Italiya. A zamanin soja ko tunanin zuwa ban yi ba, don Turawa sun juya mana baya, biza ta zama sai wane da wane. Da aka miƙa mulki ga farar hula ƙofa ta ɗan buɗe, na ce bari in je in ga mai sayen kayana ido da ido. In hali ya yi ma, in kama ɗan ofis a can.

Lokacin kaka ne. Daga Rimi har Kankiya dammunan gero ne jingine a bakin hanya, mutane sun fito gona tun duhu bai gama washewa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shingayen sojoji da muka saba tsayawa a kansu. Da yawa an kwashe, sai duwatsu da baƙin tabon taya a inda suke hura wuta. Direbanmu ya ce shi dai ya ga canji, amma dimokuraɗiyya ba ta iso ramukan hanyar Bici ba tukuna. Muka tsaya a Kankiya muka sha koko da ƙosai, ban san sai na yi kwana goma sha biyu ina kewarsu ba.

Daga Kano jirgi ya ɗauke mu, muka ya da zango a Alƙahira, washegari da hantsi muka sauka birnin Rum. Jami'in kwastan ya buɗe jakata ya ci karo da ƙullin kuka da daddawa da uwargida ta cusa mini. Ya shinshina daddawar, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shinshina. Dattijonmu ya yi bayani har ya gaji. A ƙarshe suka riƙe kilishi suka bar mini sauran. Fatun gwaji goma sha biyu da na ɗauko kuwa, da yake an jeme su kuma da takardarsu, ba su ce komai ba.

Da muka canja kuɗi aka miƙo mana takardu masu sifili rututu, abokina ya ce ashe yau ya zama miloniya. Kafin mu shiga jirgin ƙasa, gahawa uku da burodi suka nuna masa iyakar arzikinsa. Gahawar ma a wani ɗan kofi take zuwa da bai fi murfin kwalba ba, ga ɗaci, kuma a tsaye ake sha. In ka zauna a kujera kuɗin ya ƙaru.

Garin da muka nufa yana arewa da Rum, tafiyar awa uku da wani abu, a bakin wani kogi. Ƙasa ce mai tuddai, ko'ina gonakin inabi da zaitun, an gyara su kamar da hannu aka share. Ana yayyafi, sanyin yana shiga ƙashi. Muna sauka daga jirgi na ji warin da na sani tun ina yaro. Na ce wa abokan tafiyata ba sai mun tambayi hanya ba, mun iso. Garin kaf jima yake ci. Ba manyan kamfanoni ba ne kamar yadda na zata, yawancinsu na iyali ne, uba da 'ya'ya da ma'aikata ashirin ko talatin, wannan na jima, na kusa da shi na rini, na gaba yana goge fata, can kuma masu ɗinka jaka da takalmi suna jira. Abinci kuwa taliya da rana, taliya da yamma. Dattijo ya ce ai gidanta muka zo, ba mu da bakin ƙorafi.

Kamfanin farko da muka shiga na wata mata ne, za ta kai hamsin, ta gaje shi daga mahaifinta. Ba ta ɓata lokaci a gaisuwa ba, abin da ya ɗan sosa mini rai. Ta shimfiɗa fatuna a kan tebur ƙarƙashin wata fitila mai haske, ta riƙa shafa su da tafin hannu, tana ɗagawa tana dubawa. Sannan ta yi magana, dattijo yana fassara mini.

"Akuyarku babu irinta. Wuƙarku ce ke ɓata ta."

Ta nuna mini inda mai fiɗa ya zurma wuƙa, da inda kaska ta ci, da inda ƙaya ta karce dabbar tun tana da rai. Waɗannan fatu ni na zaɓe su da hannuna, su ne na fi alfahari da su a sitona. Huɗu ta ware gefe ta ce sun yi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Daga nan ta shiga tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini: su wa ke yi mini aiki, wane magani ake zubawa, ina ruwan jimar ke tafiya. Ta ce ita ma masu sayen kayanta a Jamus haka suke titsiye ta. Ta ce za ta gwada ni da kaya kaɗan, in sun zo irin huɗun nan, mu ci gaba.

Muna cikin magana aka kaɗa ƙararrawar rana. Nan take injuna suka yi tsit, ma'aikata suka tuɓe safar hannu da takalman roba suka fice cin abinci, ba wanda ya dubi mai kamfanin balle ya nemi izini. Ita ma ta ɗauki jakarta ta ce sai ƙarfe biyu.

Washegari muka je wurin wani lauya don maganar buɗe ofis. Awa biyu yana bayani, dattijo na rubutu har biro ya ƙare. Ba a kafa kamfani sai a gaban wani jami'i mai hatimi, sannan rajista, sannan lambar haraji. Baƙo kuma sai ya sami takardar zama ta mai sana'ar kansa, ita ba ta samuwa sai ka nuna wurin sana'a da jari, masu gidaje kuma ba sa son ba da haya ga wanda ba shi da takardar zama. Da ya zo kan ma'aikata sai abokina ya gyara zama. Bayan albashi, kai za ka biya wa ma'aikaci kuɗin fansho da na jinya. Ƙarshen shekara akwai albashin wata na goma sha uku. Watan Agusta kusan kowa hutu yake tafiya, kuma da albashinsa. Sallamar mutum sai da dalili a rubuce, in ba haka ba ƙungiyar ƙwadago ta maka ka kotu.

"Tambaye shi," in ji abokina, "in ma'aikaci ya yi mini rashin kunya fa?"

Dattijo ya tambaya. Lauyan ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sai ka rubuta masa wasiƙa."

Muka fito muna dariya, amma a raina na san maganar ofis ta mutu a ɗakin nan. Ƙasar tana son kayanmu, tana son kuɗinmu, zamanmu ne ba ta shirya wa ba.

Ranar Alhamis mai masaukinmu ya haɗa mu da wani ɗan kasuwa, mutum mai fara'a, ya rungume ni kamar mun shekara da sani. Ya kai mu gidan abinci ya sa aka gasa mana kifi. Ko fitila bai nema ba, ya juya fatun sau ɗaya ya ce duk yana so, mai tabo da marar tabo, kwantena guda duk bayan wata biyu, a farashin da ya ɗara na dillalan Kano nesa. Bai tambaye ni komai a kan ma'aikata ko magani ba. Ya ba ni katinsa ya ce ranar Litinin in zo ma'aikatarsa mu sa hannu. Na koma masauki ina jin tafiya ta biya.

Ranar Juma'a muka tambayi masallaci, aka kwatanta mana wani tsohon garejin mota a bayan gari. Mun tarar da shi cike, yawanci 'yan Sanagal da 'yan Maroko, kusan dukansu a majema suke aiki. Bayan sallah muna neman takalmanmu ina yi wa abokina maganar ciniki, sai na ji an taɓa kafaɗata.

"Alhaji, don Allah, hwata na ji ka ce?"

Mu a Katsina haka muke kiran fata, Kanawa na yi mana dariya a kai. Na juya na ga mutum dogo, siriri, bai wuce arba'in ba, idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa daga Ƙofar Kwaya nake. Ya ce shi Lawal, ɗan Ƙofar Kaura, shekararsa tara rabonsa da gida. Muka gaisa, ya tambayi gari, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen da na sani da waɗanda ban sani ba. Hannun hagu ya miƙo mini, ya haɗa da ban haƙuri. Na dama yana cikin aljihun rigar sanyi.

Ya matsa sai mun je ɗakinsa. Ɗaki ɗaya ne su huɗu, gadaje biyu masu hawa, tsaf da shi. Na aika aka ɗauko kukar nan da daddawa daga masauki, ya tuƙa tuwon garin alkama, muka ci da la'asar. Wurin tuƙin ne ya fitar da hannun. Babban yatsa da ƙaramin ne kawai suka rage.

Bai jira na tambaya ba. Ya ce ya shigo ƙasar ba takarda, ya sami aiki a irin ƙananan ma'aikatun da manyan ke ba su aikin ƙazanta, inda ba a rubuta sunan kowa. An sa shi a injin kankare fata, wani abu mai juyawa da wuƙaƙe a jikinsa. Injin yana da ƙarfen kariya da ke hana hannu shiga, amma maigidan ya sa an cire don aiki ya yi sauri. Wata safiya, shekara huɗu da suka wuce, fata ta naɗe ta ja hannunsa. Maigidan da kansa ya ɗauke shi a mota, ya ajiye shi nesa kaɗan da ƙofar asibiti, ya ce in an tambaya ya ce a gida ya ji ciwo, in ba haka ba 'yan sanda za su mayar da shi ƙasarsu. Haka ya faɗa wa likita.

Daga baya gwamnati ta yi wa marasa takarda afuwa, ya samu tasa. Wata mata ta ƙungiyar ƙwadago ta yi ta faɗi-tashi a kan a biya shi diyya, amma babu wata shaida cewa ya taɓa aiki a wurin, ga kuma abin da ya faɗa da bakinsa a asibiti. Yanzu yana tantance fata a wani kamfani, sunansa a rubuce, yana da hutu, yana da fansho.

"Dokarsu na da kyau, Alhaji," ya ce. "Amma sai ta san da kai."

Na ba shi labarin cinikin da na samu, don in ɗan sauya zancen, na miƙa masa katin. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ajiye a kan gado a hankali. Ba sai ya faɗa ba, tsohon maigidan nasa ne. Abokina ya yi salati.

Na ce wallahi na fasa. Lawal ya girgiza kai.

"Kada ka ƙi cinikinka sabili da ni. Yatsu ba su dawowa. In ba ka saida mashi ba, wani zai saida." Sannan ya ce, "Amma in tambaye ka, kada ranka ya ɓaci. Su waɗanda ke zuba maka gishiri a sito, in ɗaya ya ji ciwo, sunanshi na rubuce wani wuri?"

Wani bawan Allah ne ya faɗo mini, mutumin wani ƙauye a wajen Batsari, da ya yi mini aiki shekara goma sha biyar. Gishiri da magani sun cinye masa hannu har ba ya iya dunƙulawa, ƙirjinsa kuma ya kama. Na ba shi buhun gero da ɗan abin da ya samu, na sa shi a mota, na ɗauka na kyauta. Tun daga ranar ban sake tambayar labarinsa ba.

Da za mu rabu Lawal ya ba ni wasiƙa da turmin atamfa in kai wa mahaifiyarsa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, amana. Inna ba ta san da zancen hannun ga ba. Kada ta ji daga bakinka." Na ce to.

Asabar da Lahadi muka yi ta muhawara. Abokina ya ce ciniki daban, tausayi daban, kuma iyalai nawa ne a Katsina za su ci abinci da kwantenar nan. Gaskiya ya faɗa, ban iya musa masa ba. Dattijo bai ce in yi ko in bari ba, ya ce dai mu je mu gani da idonmu.

Ranar Litinin muka je. Wurin yana can ƙarshen gari, rumfar kwano ce babba, ruwa kwance a ƙasa. Mutumin ya tarbe mu da fara'ar nan tasa, ya zagaya da mu. Na nemi a nuna mini injin kankare fata. Wani Basanagale ne a kansa, hannunsa tsirara, yana tura fata yana janyewa, wuƙaƙen na juyawa bai fi taƙi ɗaya daga yatsunsa ba. Na ga ramukan ƙusa a inda ƙarfen kariyar ya kamata ya zauna. Ya ɗago ya ga hulata, ya yi mini sallama ba tare da ya tsayar da hannu ba.

A ofis aka ajiye takarda da biro a gabana. Na ce wa dattijo ya gaya masa na gode da kifi, amma ba zan iya ba. Ya tambayi dalili, ya ƙara farashi. Na ce ba kuɗin ba ne. Fara'ar ta ɗauke, ya tattara takardunsa, ko rakiya bai yi mana ba. Ba zan ce na fito ina jin daɗi ba. Har muka hau jirgi abokina bai sake tayar da zancen ba. Kafin mu bar garin na koma wurin matar nan na karɓi ɗan gwajin da ta yi mini tayi, wanda bai kai rubu'in wancan ba. Da sauran guzurina na sayi safar hannu da takalman roba.

Mun iso Katsina da azahar, rana ta buɗe, na ji daɗinta a jikina kamar ban taɓa saninta ba. Washegari na tara mutanen sito na raba musu kayan, na sa aka rubuta sunan kowa da garinsu da wanda za a nema in wani abu ya faru. Suka yi ta kallon juna. Babbansu ya juya safar ya ce, "Alhaji, wannan ai sai ta dafa mana hannu." Har yau rabinsu a aljihu suke sa ta, sai sun hango ni. Na kuma aika ƙauyen nan na wajen Batsari a dubo mini mutumina. Ɗan aiken ya dawo ya ce ya rasu damina biyu da suka wuce, ya bar mata da 'ya'ya biyar.

Sai a kwana na uku na iya zuwa Ƙofar Kaura. Aka yi mini iso, na tarar da tsohuwa a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙarama, idonta garau. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta sa mini albarka. Ta tambaya ko yana sallah, ko ya rame, ko yana samun abin da zai ci. Na amsa duka da gaskiya. Ta ajiye atamfar gefe ko buɗewa ba ta yi ba, ta warware wasiƙar ta ƙura mata ido. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata tsohuwar jaka cike da wasiƙu, ta zaro biyu ta shimfiɗa a gabana.

"Alhaji, ni ban yi karatu ba, karanta mani ake yi. Amma na san hannun ɗana tun yana rubuta allo. Wagga tashi ce ta da. Wagga kuwa, shekara huɗu ke nan haka suke zuwa, a karkace. Na tambaya an ce mani ba komi." Ta dube ni. "Kai ka gan shi. Ido ne ko hannu?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Inna, ya ɗora mini amana."

"Riƙe amanarka. Ban ce ka faɗi ba. Da wane hannu ya gaishe ka?"

Ban ɗago kaina ba. Ta mayar da wasiƙun cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, ta share ido da bakin mayafi.

"To, alhamdu lillahi, yana gani," ta ce. "In za ka rubuta mashi, ka ce ya taho da abin da ya rage. Ba yatsunshi nike jira ba."

A ranar na rubuta masa, kalma da kalma yadda ta faɗa.

Ku da kuke tare ni a kasuwa kuna tambayar abin da na samo a Turai, ga shi nan. Ofis ban buɗe ba, babban ciniki na bar shi a kan tebur, ƙaramin kuma sai mahautanmu sun yarda sun sassauta wuƙa kafin in san ko zai ɗore. Wanda zai je, ya je da kaya masu kyau da haƙurin takardu, kuma kafin ya sa hannu ya nemi a zagaya da shi inda ake aikin. Ni na tafi ne in ga yadda suke yi da fatata, na dawo ina duba yadda nake yi da mutanena. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya yafe mini sakacina a kansa, ya dawo da Lawal ya tarar da mahaifiyarsa da rai.